Baba Ilu, Wanda Ya Koya Wa Hannuna Na Hagu Ɗinki

Da safiyar nan ina tsugune gaban kwanon koko wayata ta yi ƙara. Kwamanda Sale ne, shugaban ƙungiyarmu ta sintiri. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Nasiru, Baba Ilu ya rasu."

Na ce, "Wane Baba Ilun?" Kamar muna da wani.

Ya ce da ya dawo daga sallar asuba ya faɗa wa iyalinsa ƙirjinsa na yi masa nauyi. Ya kishingiɗa a kan buzunsa. Kafin a nemo mai babur, rai ya yi halinsa.

Na yi salati, na sake yi. Matata na tambayata lafiya, ni kuwa sai nuna mata wayar nake kamar a jikinta abin yake rubuce.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Da hannu ɗaya nake danna rubutun nan, in kun ga kuskure ku yi min uzuri.

Mutanen Daura sun san shi. Ga waɗanda ba su sani ba, tela ne, amma ba telan kaftani da shadda ba. Zaurensa na can bayan rijiyar Kusugu, in ka wuce masu sayar da itace. Tamfol, jakar 'yan makaranta, rigar kujerar babur, burgamin maharba, irin ɗinkinsa ke nan. Da ƙuruciya ya yi farauta, da girma ya fara zuwa ya yi sintiri tare da iyayenmu, har gwiwa ta zaunar da shi. Duk ɗan sintirin da ka gani tsakanin Daura da Mai'adua da Dutsi sanye da falmaran mai aljihuna wadda ta zauna masa daram a jiki, to ka tambaye shi, ya zauna a zauren nan.

Ni kuwa abin da ke tsakanina da shi ya wuce riga. Tun bara Kwamanda ya cire ni daga cikin masu fita daji saboda hannuna. Baba Ilu kaɗai ya kafe a kan zan iya komawa, kuma jibi Asabar ya yi min alkawarin zai taka da ƙafarsa ya roƙi Kwamanda ya gwada ni. Da na ajiye wayar, bayan ɗacin rashinsa, abin da ya fi damuna ke nan. Wa zai yi min magana kuma?

Bari in fara daga farko.

Ranar da na soma zuwa wurinsa ina sabon shiga ne, kaina na rawa. Na samo wata riga a gwanjo mai aljihuna sama da ƙasa, ina ji da ita kamar ni na ƙera ta. Na kai masa ya rage min ita a ƙugu kawai.

Ya ce in saka. Na saka. Ya tura ƙyauren zauren, wuri ya yi duhu, ya haska ni da tocila. Ashe akwai wasu layuka masu ƙyalli a kafaɗa da baya, sai ga ni ina walƙiya.

Ya ce, "Madalla. Kai za ka nemo ɓarawon shanun, ko shi zai nemo ka?"

Sannan ya kama murfin wani aljihu, irin mai mannewar nan da ke yin ƙyarrr in an ɓalle, ya fizga. Ya karkata kunne waje. "Ka ji? Akuyar maƙwabta ma ta amsa."

Ya miƙo min reza ya ce in farke su duka. Ni da zafin kaina na ce, "Baba, ni fa ɗinki na kawo." Ya ce, "Ni ba na ɗinka wa ɗan sintiri riga. Ranar da ta yage maka a dajin Dutsi, ni ina nan Daura ina shan fura. Zauna ga keke."

Wallahi na so in ɗauki kayata in tafi. Kunyar furfurarsa ce ta zaunar da ni.

Yana da wata hanya ta sa aljihu da ban taɓa ganin irinta wurin kowa ba. Sai ka cire aljihunan duka, ka saka rigar haka nan. Ya goga maka alli a tafin hannu, ya ɗaure maka ido da ƙyalle, ya ce ka yi ta zagaya zauren. Yana ta yi maka hirar duniya, farashin gero, wanda ya yi aure, wanda babur ya kayar. Sai ka saki jiki, kwatsam ya daka tsawa, "Tocila!"

Duk inda hannunka ya faɗa a jikin rigar, alli zai nuna. A nan aljihun tocila zai zauna. Haka zai yi da wuƙa, da waya, da usur. Ba ruwansa da inda masu kamfani suka sa nasu. Ya kan ce hannunka ya riga ya san inda zai je, kai dai ka bi shi da zare.

In ka gama ɗinkawa ba ka gama ba. Sai ka cika aljihunan da kayanka, ka yi ruku'u, ka yi sujada. In wani abu ya soke ka a haƙarƙari ko ya zubo ƙasa, reza na jiranka. "Rigar da ba ka iya salla da ita, cire ta za ka riƙa yi. Ranar da ka cire kuwa, ran nan za ka neme ta."

Aljihu ɗaya ne kawai ba a yi masa alli. Na bandeji da auduga, a ƙirji ta hagu. Kowa a nan nasa yake, dogo da gajere. Ya ce sauran duk naka ne, wannan na ɗan'uwanka ne, don ranar da ka faɗi ba kai za ka buɗe shi ba.

Sarkin Gaggawa yake ce min, don kullum ɗinkina gudu yake kamar ana bin sa. Akwai wani gwangwani da yake zuba kwarkwaron zare da allurai, a ƙarƙashinsu ba a rasa dabino. In ya ga ranka ya ɓaci da farke-farke, sai ya turo maka gwangwanin da ƙafa.

Haka muka yi shekaru. Ranar kasuwar Mai'adua mu raka fataken dabbobi, da kaka mu tsare amfanin gona. Rigata ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai bara da kaka, muna wata gona wajen Dutsi da rana tsaka, bindigar toka ta fashe a hannuna. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya suka tafi. Aka bar min biyun ƙarshe a hannun dama.

Ban san abin da ya faru bayan nan ba sai a asibiti. An ce min wanda ya fara isowa kaina bai tsaya lalube ba, kai tsaye ya kai hannu ƙirjina ta hagu.

Da na warke na koma ofis da rigata a kafaɗa. Kwamanda ya ja ni gefe ya ce, "Nasiru, ba ƙin ka nake ba. Amma in ka makara wajen ciro abu a daji, ba kai kaɗai abin zai shafa ba." Na ce bindiga na haƙura da ita, ai ba kowa ke riƙe ta a cikinmu ba, kuma ya san a bin sawun shanu babu wanda ya fi ni. Na ce ya gwada ni mana. Ya ce a'a. Kar ya gwada ni in faɗi a gaban na baya, ciwon ya fi na yanzu.

Aka ba ni makullin ofis da aikin sa wayoyin mutane a caji.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Abin haushin shi ne na san gaskiya ya faɗa. Maɓallin aljihu ɗaya sai in yi ta kokawa da shi kamar mai kama kaza.

Amma jama'a, ba ciwon ne ya fi cin raina ba. Mu nan kun san yadda aka tashe mu. Tun kana rarrafe in ka miƙa hagu za a buge hannun. Ba ka ci da shi, ba ka karɓa da shi, ba ka miƙa wa babba abu da shi. Yau ga ni da gemuna, hannun da aka hana ni shi kaɗai ya rage min cikakke. Na daina zama cin abinci da mutane. In za a ba ni abu sai in miƙa na daman, abin ya suɓuce ya faɗi, kowa ya kau da kai. Daga baya na koma cusa hannun a aljihu, in wuce mutane da sallama daga nesa.

Daura ma na daina shiga.

Farkon daminar nan ina zaune ƙofar gida da maƙwabta, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya. Baba Ilu ne a baya. Da ƙyar ya sauko saboda gwiwar nan. Tun daga Daura har ƙauyenmu, a kan hanyar da ruwa ya cinye.

Bai ce min ya hannu ba. Bai ce sannu ba. Ya ciro ƙullin dabino ya miƙo min da hannun hagu.

Dattijo, a gaban mutane. Na ɗauka mantuwa ce. Na miƙa na dama, ya janye ƙullin. Na sake miƙawa, ya sake janyewa. Ya ce, "Karɓi mana, Sarkin Gaggawa, hannuna ya gaji."

Na karɓa da hagu.

Ya ce, "Yawwa. Ina rigar?"

Tun daga ranar bai ƙara miƙo min komai da dama ba. Almakashi, kofin shayi, zare, duk da hagu, in na mayar masa ma da hagu yake karɓa. Masu zaman zaurensa suna kallon juna. Wata rana wani ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, da hagu?" Bai ko ɗago daga keke ba ya ce, "Shi ma Allah ne ya yi shi, kuma a alwala ana wanke shi kamar ɗan'uwansa."

To ni kafin in koma wurinsa na riga na yi wayona. Na zauna a gida na farke aljihunan, na dama na mayar hagu, na hagu na mayar dama, matata na riƙe min ina ɗinkawa. A ganina magana ta ƙare. Tunda hagu zan koma, ai sai a juya rigar.

Ya duba ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Farke."

Na ce, "Haba Baba!"

Ya ce, "Ka tambayi hannun kafin ka yi masa ƙaura?"

Na farke. Wannan karon alli biyu ya ɗauko, fari ya goga min a hagu, ja a dama. Ya ɗaure min ido, ya fara hirarsa ta gero. Ya daka tsawa. Ya sake. Ya sake.

Ya kwance min ƙyallen, na kalli rigar. Duk ja ce. Babu fari ko ɗigo. Duk tsawar da ya yi, gurgun hannun nan ne ke tashi, na hagun yana rataye kamar ba da shi ake ba. Abin da aka dasa min tun ina goye ba zai fita don bindiga ta fashe ba.

Na cire rigar na yi jifa da ita. Na ce ya samo igiya ya ɗaure min na daman ta baya, har na hagun ya koyi hankali.

Ya ce, "Tun kana yaro yake maka hidima. Yau don ya samu rauni sai ka ɗaure shi kamar ɓarawo?"

Ya ɗauko rigar ya shimfiɗa a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon jan allin nan, har na ɗauka ya manta da ni. Aka kira la'asar muka je muka dawo, ya koma ya ci gaba da kallo. Can ya ce, "Tunda shi ke riga zuwa, mu ba shi aikin da zai iya."

Abin da ya fito da shi ke nan. Aka cire maɓallai da zif gaba ɗaya. Kowane murfin aljihu aka yi masa zobe na igiya mai kauri, daidai shigar yatsuna biyun nan. Aljihun ya zauna inda jan alli ya nuna, amma a karkace, bakinsa na kallon tsakiyar ƙirji. Na dama ya riga zuwa ya saƙala yatsu ya ɗaga murfi, na hagu ya biyo baya ya ɗauka. Ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ciro.

Faɗarsa da sauƙi. Ni na ɗinka, kuma na ci wuya.

Keken bai ba ni matsala sosai ba, ƙafa ke takawa, ina juya kan da gindin tafin hannu. Zura zare a allura ne ya kusa sa ni hauka. Rana ta farko na yi ta fama har gumi ya jiƙa ni, yana zaune yana yankan tamfol kamar ba ya gani. Sai da na ce na fasa, sannan ya turo min guntun sabulu. "Soka ta a nan ta tsaya da kanta." Na soka allurar a sabulu, na zura da hagu. Ta shiga. Na yi ihu kamar yaro, shi kuwa ya ce in rage murya akwai masu barci.

Wuraren da kauri ya hana keke wucewa, da hannu ake bi. In danne rigar a gwiwa da tafin dama, in soka da hagu. Na soki kaina har na daina jin zafi. Matarsa, Gwaggo Hajo, in ta ji ya ce "farke" sai ta ɗaga murya daga cikin gida, "Malam, ka bar bawan Allahn nan ya sha iska mana!" Ya ce, "Iska na nan waje, ba inda za ta." Sai ta aiko min da fura mai sanyi, a ce ban da shi.

Haka muka ci damina. Gero na tsayi, ina zuwa ina dawowa. A zauren nan na fara cin abinci a gaban mutum tun bayan abin. Tuwo aka kawo, ya ce in matso. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ƙarya ba ta kamace ka ba." Ya juya ya fuskanci bango yana cin nasa, har na gama nawa.

Ganinmu na ƙarshe Litinin ɗin nan ce.

Na gama zobe na ƙarshe. Ya ce in cika aljihunan. Na yi ruku'u, na yi sujada, babu abin da ya motsa. Ya ɗaure min ido ya fara hira, wai yana tunanin sayen tunkiya ya turke kafin layya. Tocila! Usur! Waya! Wuƙa! Yana faɗa ina cirowa. Ban san lokacin da hannuwan suka daina jiran juna ba.

Na zaci zai yaba. Ina! Ya kama zobunan ɗaya bayan ɗaya yana ja da iya ƙarfinsa. Ba wanda ya saki. Ya juya rigar ciki, ya samo wani layi da ya ɗan karkace, ya ce, "Wannan kuma sawun kaza ne?" Na ce in farke? Ya ce, "Bar shi. Ka san inda yake."

Ya ce, "Asabar zan je wurin Sale. In ya ƙi, in shimfiɗa buzuna a ƙofar ofis ɗinku har ya gaji da ganina."

Ya rako ni bakin zaure yana dafa bango, abin da bai saba ba. Ya ce, "Ka gaida mutan gida. Ka rage gudu da babur ɗin nan."

Na ce, "To Baba, sai Asabar."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Shi ke nan. Da na sani da na ɗan ƙara zama.

Yau da na isa, zauren ya cika har waje. An rufe keken da zane an tura shi lungu. Na kasa kallon wajen. Kwamanda na zaune jikin bango da sauran 'yan ƙungiya, na gaishe su na samu wuri na rakuɓe.

Ana cikin wanka aka kawo farin yadi. Sai a lokacin kowa ya tuna. Duk unguwar nan, in an yi rasuwa, Baba Ilu ke yanka likkafani ya haɗa. Yau babu shi. Aka ajiye yadin a tsakiyar tabarma, ana kallon-kallo. Ga mutanen da ya koya wa ɗinki cike da wuri, amma kowa jikinsa ya mutu.

Ban yi shawara da kaina ba, sai gani na na yi na matsa. Liman ya nuna inda za a yanka, aka yanka. Na jawo gwangwanin allurai, na samu guntun sabulun nan a ciki, na soka allura na zura zare.

Na ɗaga hannu zan fara ke nan, yayan marigayin, Alhaji Mamman, ya yi gyaran murya. Tsoho ne mai mutunci, kuma cikin taushi ya yi maganar. Ya ce, "Ɗana, ba raini ba ne. Amma likkafani ne fa. A samu mai dama ya yi."



Ban ga laifinsa ba. Ƙaninsa ne kwance, yana so a yi masa komai yadda aka saba. Da bara waccan ce, ni ma abin da zan faɗa ke nan. Na ajiye allurar a kan tabarma. Na ji hannuna na dama yana neman aljihu da kansa. Abokan aikina duk suka sunkuyar da kai.

Sai muka ji murya daga bayan ƙyauren cikin gida. Gwaggo Hajo ce, muryar ta dushe da kuka.

"Yaya Mamman, a bar shi. Damina guda Malam ya yi yana koya wa hannun nan. In ba a ba shi wannan ba, wanne za a ba shi?"

Alhaji Mamman ya kalli liman. Liman ya ce, "Babu laifi a ciki. Bismilla, Nasiru, rana na yi."

Tsohon nan, Allah ya saka masa, shi ya matso da kansa ya kama min bakin yadin ya miƙar. Na danne da tafin dama, na soka da hagu. Ina yi ina kau da fuska gefe don kar hawaye ya ɗiga a kai. Ban yi gaggawa ba. Tunda nake ban taɓa yin layi miƙaƙƙe kamar na yau ba, kuma wanda zai juya shi ya duba ba ya nan.

Aka suturta shi, aka sallace shi bayan azahar, muka kai shi.

A bakin maƙabarta muna karkaɗe ƙasa, Kwamanda ya tako inda nake. Ya tsaya yana kallon masu fita, ba ni ba.

Ya ce, "Baba ya aiko min zai zo Asabar. Bai faɗi abin da zai kawo shi ba, amma na sani."



Sannan ya ce, "Ka zo da rigar da hantsi. A gaban kowa zan gwada ka, kuma ba zan sassauta maka saboda yau ba. In ka makara, ka koma kan makulli, kar ka sake tada min maganar."

Na ce, "Na yarda, ranka ya daɗe."

Abin da na shekara ina roƙo ke nan. Ba tausayi ba, gwaji. Ga shi an ba ni, a ranar da ba ni da bakin yin murna.

Ban san yadda za ta kasance ba. A zauren Baba muryarsa ce ke tsawa, na san ta, na san ba ta nufina da sharri. Jibi muryar wani ce, ga idanun mutane. Zai yiwu hannun ya rikice. In ya rikice, na yi alkawari, zan karɓi makullin in zauna.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya zo gare ka. Ya rufa wa bayinka asiri da zare da allura, ka rufa masa da rahamarka. Ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya shi, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka ba Gwaggo Hajo da Alhaji Mamman da 'ya'yansa juriyar wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da kalmar shahada.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ya wuce haka nan. Ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambace shi a sujadarka ta magariba. 'Yan sintirin da ke sanye da rigar da suka ɗinka a zaurensa, ku kun fi kowa sanin bashin addu'ar da ke kanku.

In kun gama da shi, ku ɗan saka ni a ciki saboda jibi. Tsoro nake ji, wallahi, kuma wanda na saba zuwa in faɗa wa shi muka baro ɗazu.